Sawu a Ƙurar Siminti

"Ba zan share ba, Kawu."

Kawu ya tsaya da tsintsiya a hannu, yana kallon Auta kamar bai ji da kyau ba. Shi ne yayan mahaifiyarta Inna, kuma tun rasuwar mahaifin Auta maganarsa ce ke tafiya a gidan.

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan share ba. Kuma don Allah kada kowa ya sake taka ɗakin nan."

"Mutane na shigowa jaje, ɗaki kamar an zazzage buhun siminti, ke kuma kin tokare ƙofa kamar soja. Nan ba daji ba ne, Auta. Gida ne."

Ba ta gusa ba. Ma'aikaciyar gandun daji ce. Da ta gama karatu ta zaɓi aikin da dangi suka yi ta tsegumi a kansa, bin sawun dabbobi da na masu farauta ba izini, kuma ba ta taɓa ba kowa haƙuri a kan zaɓin ba. Hutu ya kawo ta gida, ta tarar ana gyare-gyare: an ɗaye rufin ɗakin baya, wato ɗakin Inna, ana shimfiɗa tayil, ana fenti, ƙura ta lulluɓe komai har da keken ɗinkin Inna.

A tsakar gida Inna na zaune a kan 'yar kujera, hannuwanta a cinya, babu komai a cikinsu. Abin da ya ɓata zanen gado ne da take yi wa surfani da hannu tun bara, furanni da ganyaye da tsuntsaye, zare kala-kala. Likitan ido ya riga ya gaya mata ta rage aikin allura. Ta ce to, bari ta ƙarasa wannan, shi za ta shimfiɗa a sabon ɗakinta ranar da rufi ya daina yoyo. Jiya da safe Auta ta raka ta asibiti, suka dawo da yamma idanunta cike da maganin ɗigawa, ta kwanta ba ta leƙa ɗakin ɗinki ba. Yau da safe ta shiga, babu zane.

Kafin hantsi unguwa ta gama yanke hukunci.

"Ni da idona na ga Mai Tayil ya fita da buhu a kafaɗa," in ji Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyarsu, wadda ita ma take ɗinki a gida. "Da tsakar rana, yana sauri."

Injiniya ya girgiza kai cikin jimami. Ɗan Kawu ne, shi aka ba kwangilar gyaran. Bai taɓa shiga makarantar injiniyoyi ba, amma tun da ya sayi farar hular kwano sunan ya bi shi. "Laifina ne," ya ce. "Baƙo ne a unguwar nan, aikinsa kawai na gani na ɗauko shi. Ban san halinsa ba."

"Da la'asar zan miƙa shi ga 'yan sanda," in ji Kawu.

"To ka ba ni zuwa la'asar," Auta ta ce.

Kawu ya jefar da tsintsiyar, ya kaɗe hannu. "Karatu ya yi miki yawa."

*

Ta tsuguna a bakin ƙofar ɗakin ɗinkin, ta kwantar da kai kusa da ƙasa, inda hasken taga ke fito da kowane tabo a kan ƙura.

Ga silifan Inna na safiyar yau, suna kai da komo tsakanin akwati da kujera, tafiyar mai neman abu. Ga wani silifa babba wanda aka ɗaure maɗaurinsa da ƙusa, ƙusar na jan layi a kowane taku. Ya shigo taku kaɗan, ya tsaya jikin bango inda soket yake, ya juya. Bai ko doshi akwatin ba. Ga takalmi sau-ciki mai dunduniya, ya zaga ko'ina. Wannan na Injiniya ne, shi kaɗai ke zuwa wurin gini da takalmi mai ƙyalli, kuma da safe kowa ya gan shi yana taya Inna dubawa. Ta ajiye batunsa gefe.

Sai na huɗu. Ƙaramin takalmin mace, mara tudu. Ya miƙe kai tsaye zuwa akwatin, ya daɗe a tsaye har ƙurar ta murje, sannan ya koma wajen kujerar da aka jibge tsofaffin zannuwan rufe kaya. A bakin ƙofa, sawun nan guda ya hau kan layin ƙusar, ya yanke shi biyu.

Auta ta daɗe tana kallon wurin.

*

Mai Tayil na zaune a kan bulo a ƙofar gida, wasu samarin unguwa sun kewaye shi wai kada ya gudu. Dattijo ne siriri, gwiwoyin wandonsa sun yi fari fat. Ta kalli ƙafarsa: ga ƙusar.

"Sannu, Baba. Me ya kai ka ɗakin ɗinki jiya?"

"Wuta, 'yata. Soket ɗin baranda ya mutu, can na jona injin yanka. Da na gama na shiga na cire wayata."

"Buhun fa?"

Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Gutsattsarin tayil ne, waɗanda ake zubarwa. Matata ta ishe ni da mitar taɓo a bakin ɗaki. Ta ce ina gyara wa duniya ƙasa, ita tana tsallen kwaɗo a gidanta. Na tambayi Injiniya, ya ce in kwashe."

"Ya ce bai tuna ba."

"To, Allah ya tuna." Ya sunkuyar da kai. "Sana'ar nan tamu, 'yata, cikin ɗakunan mutane muke shiga. Ranar da aka ce hannunka ba shi da kyau, ka gama. Ko an sake ni gobe, wa zai buɗe mini ƙofarsa?" Sai ya ɗago da sauri. "Don Allah ki duba mini barandar ciki. Jiya da safe na shimfiɗa ta, na gitta katako, na ce ko kyanwa kada ta taka sai ta kwana biyu. Da wannan taron, tsoro nake ji."

Ana shirin kai shi ofishin 'yan sanda, shi tayil ɗinsa yake tunani. Auta ta miƙe.

*

Ta tarar da Maman 'Yan Biyu a kan kekenta, tana ɗinki da ƙarfi kamar wadda ake kora.

"Mama, takalmin nan naki na bakin ƙofa yana da kyau. Ƙafarki ƙarama, ma sha Allah."

"Tun ina budurwa ake faɗa."

"Shi ya sa na gane shi a ɗakin Inna."

Keken ya tsaya.

"Kullum ina shiga ɗakin Innarki, ai ba yau ba."

"Na jiya nake nufi. Sawunki ya hau kan na Mai Tayil a bakin ƙofa. Wanda ya taka daga baya shi ne a sama. Kin shiga bayan ya tafi da buhunsa, kin tsaya a gaban akwati kin daɗe. Zanen yana nan a lokacin, ko ba ya nan?"

Matar ta rufe fuska da gefen mayafi. Da ta buɗe, muryarta ta koma ƙasa.

"Wallahi ban ɗauka ba, Auta. Kallo na je yi. Akwai yadda Innarki ke juya zare a bakin ganye, na tambaye ta ya fi a ƙirga, sai ta ce sirrin kakarta ne. Na ga an bar gida a buɗe saboda ma'aikata, na ce bari in duba ta bayan zanen, can ake gane hanyar allura. Ina cikin dubawa na ji ƙarar mota. Na ninke shi yadda yake, a baibai, na aza a kan kujera na fito."

"A kan tsofaffin zannuwan?"

"Ban lura ba. Sauri nake yi."

"Motar wa?"

"Ta Injiniya mana. Shi ai ɗan gida ne."

"Bayan shi wa ya shiga?"

"Babu. Ina nan bakin ƙofata har kuka dawo. Shi ma hannu rabbana ya fita, ko leda bai riƙe ba."

Auta ta haɗa lissafin. Idan babu wanda ya fita da kaya, zanen bai bar gidan ba.

"Mama, kin san yana nan bayan Mai Tayil ya tafi, kika bari ana ce masa ɓarawo."

"Da na faɗa, ni za a ce! Ni da kowa ya san ina son aikin nan."

"Da la'asar za ki faɗa a gaban mutane."

"Haba Auta, ni na goya ki fa."

"Na sani. Shi ya sa na zo ni kaɗai, ban turo kowa ba."

*

Katakon na nan a gicciye a bakin barandar ciki, amma wari ya riga shi yi mata magana: sabon fenti, da fetur a ƙarƙashinsa. Rabin bangon dama ya sha fenti ruwan madara, rabi bai sha ba.

Ta kira Mai Fenti a waya. Ya zo a kan babur, ya tsaya a bayan katakon, ya kalli bangon, ya fashe da dariya.

"Hajiya, ni rabona da gidan nan tun farkon mako, Injiniya ya tura ni wani aikinsa. Wannan ba hannuna ba ne. Dubi yadda yake zubar da hawaye. Wanda ya yi wannan, da tsintsiya ya yi ko da wutsiyar akuya."

Auta ta cire takalmi, ta shimfiɗa dogon katako, ta bi kansa da rarrafe tana shafa tayil da tafin hannu. Sumul, sumul, kamar fuskar ruwa. A tsakiyar barandar yatsanta ya yi tuntuɓe. Tayil ɗaya ya nutse ta gefe. Ta miƙa hannu, ga wani a kusa da shi, shi ma ya nutse, har ya ɗan zame. Tazarar da ke tsakaninsu daidai faɗin ƙafafun tsani. Simintin da ya matso ta tsagin ya bushe, kuma a jikinsa akwai rabin dunduniyar takalmi, an buga ta kamar hatimi.

Ta ɗaga kai. Daidai saman wurin akwai 'yar ƙofar shiga silin. A gefenta, shatin yatsu huɗu masu launin madara.

*

Kawu ta fara samu, shi kaɗai, a falo. Ta durƙusa kamar yadda aka koya mata, ta gaya masa komai ba ta ɗaga murya ba. Ya saurara har ƙarshe, fuskarsa na ƙara duhu.

"Wa kika gaya wa?"

"Kai ne na farko."

"To ni ne na ƙarshe." Ya gyara zama. "Ba za a kai kowa wurin 'yan sanda ba. Za a sallami Mai Tayil cikin mutunci, a ce an yafe. Zanen kuma za a ce an tsince shi. Yayanki zan yi masa faɗa da kaina. Magana ta mutu."

"An yafe me, Kawu? Idan aka ce an yafe masa, an ce ya ɗauka ke nan. Tun safe yara ke nuna shi da yatsa."

"Baƙo ne. Gobe zai koma wata unguwa."

"Labarin zai riga shi isa."

"Auta." Muryarsa ta yi sanyi, irin sanyin da ya fi tsawa ban tsoro. "Ɗana ne. Sunansa shi ne sana'arsa. Kuma ki tuna wa ya tsaya muku tun da mahaifinku ya rasu. Rufin ɗakin uwarki a buɗe yake, damina na tafe. Ki yi tunani da kyau. Na ce ki bar maganar."

Ta yi tunanin. Ta ga hadari, ta ga robobi jere a ɗakin Inna, ta ga bakin dangi. Idanunta suka yi zafi, amma ba ta bari komai ya zubo ba.

"Ban manta alherinka ba, Kawu, kuma ba zan manta ba. Amma shi ma sunansa shi ne sana'arsa. Ba zan bari ba."

*

Da la'asar ta tara su a bakin barandar: Inna, Kawu, Injiniya, Mai Fenti, Mai Tayil da masu tsaronsa, da maƙwabta iya waɗanda wurin ya ɗauka. Maman 'Yan Biyu ta yi maganarta tana kallon ƙasa. Aka yi ta gunaguni.

"To wannan me ya nuna?" in ji Injiniya. "Ƙila Mai Tayil ya dawo ta baya."

"Ƙila," Auta ta ce. Ta ɗauki kofin ruwa, ta bi kan katakon, ta tsiyaya a tsakiyar barandar. Ruwan ya gangara, ya taru a wuri biyu, ya kwanta.

Mai Tayil ya ture samarin ya matso. "Wa ya yi mini wannan?" Muryarsa ta tashi a karon farko tun safe. "Wa ya kafa tsani a kan ɗanyen aiki? Ni da na daidaita shi ɗaya-ɗaya!"

"Tambayar ke nan, Baba. Mai tayil ba zai kafa tsani a kan abin da ya shimfiɗa da safe ba, ko da wuta ake bin sa. Mai Fenti bai zo ba. Wanda ya yi wannan sauri yake yi, yana so ya gama bango kafin wani ya zo dubawa." Ta juya. "Kawu, yau ne ka ce za ka zo ganin aiki, ko?"

Kawu ya kau da kai.

"Ya nemi abin da zai rufe tayil kada fenti ya ɗiga. Ya shiga ɗakin ɗinki inda ake ajiye tsofaffin zannuwa, ya ja na sama. A baibai yake, ta baya kuwa surfani ƙulle-ƙullen zare ne kawai, ga mai sauri ba shi da maraba da tsumma. Ya shimfiɗa, ya kafa tsani, ya hau da bokiti. Tayil ya nutse, tsani ya goce." Ta nuna simintin da ya bushe. "Ya diro da dunduniya a nan. Yaya Injiniya, ko za ka ara mini takalminka na dama?"

Babu wanda ya yi motsi. Injiniya ya kalli ƙafarsa, ya kalli mahaifinsa.

Mai Fenti ne ya kawo tsanin, Mai Tayil ya sa katako biyu a ƙarƙashin ƙafafunsa kafin ya yarda a hau. Auta ta hau, ta tura 'yar ƙofar, ta zura hannu cikin zafin silin, ta jawo ƙunshin. Warin fetur ya cika barandar.

Da aka warware, wata mata ta yi salati. Tsakiyar zanen ta daskare da fenti, kuma inda aka dirje da fetur jan zare ya zuba cikin kore, tsuntsayen sun narke. Gefuna ne kawai suka tsira.

"Ban san shi ba ne," Injiniya ya ce. "Wallahi sai da na juya shi na gani. Na so in wanke, abin ya ƙara lalacewa. Na so in fita da shi, ga Maman 'Yan Biyu a ƙofa kamar mai gadi. Da safe na ji an ambaci buhu, sai kawai... sai na yi shiru."

"Ba shiru ka yi ba," Auta ta ce. "Cewa ka yi ba ka san halinsa ba."

Inna ta miƙo hannu, aka aza mata zanen a cinya. Ta daɗe tana bin gefen da yatsa, ganye bayan ganye. Sannan ta ɗago ta dubi ɗan yayanta.

"Da ka zo ka ce, Goggo, na yi ɓarna, da na yi kuka na share hawayena. Zare ne. Ni na yi shi, na san inda ake sayar da wani." Ta juya wajen dattijon. "Malam, a gidana aka ci mutuncinka. Ka yafe mana."

Mai Tayil ya gyaɗa mata kai. Ya goge ido da bayan hannu, ya tsuguna ya fara duba tayil ɗinsa biyu.

Kawu ya saɓa rigarsa ya fita, bai yi wa kowa sallama ba.

*

Washegari motar Injiniya ta zo ta kwashe tsani da bokitai da ma'aikata. Mai Tayil kaɗai ya dawo, da sassafe, ya ɓamɓare tayil biyun ya sake su. Ya kawo wani kafinta abokinsa ya duba rufin, suka ce za a yi, amma a hankali. Kafin mako ya zagayo gidaje biyu a layin sun kira shi aiki, ɗaya gidan mahaifin wani daga cikin samarin da suka tsare shi ne.

Inna ta sa almakashi ta yanke gefunan da suka tsira, ta ce za su yi rigunan matashin kai. Da idonta ya gaji da zura zare, ta aika a kira Maman 'Yan Biyu. Matar ta shigo tana rarraba ido.

"Zauna," in ji Inna. "Tun da har kin iya shiga ɗakin mutane don ki koya, gara in koya miki da rana tsaka. Riƙe allurar nan. A'a, ba kamar mai soke nama ba."

Auta na tsakar gida tana kwaɓa siminti, ta ji dariyarsu ta taga.

Ruwan farko ya riga kafintan gama aiki. Ya sauka alhali rufin ɗakin baya yana rabi, ita da Inna suka yini suna jan katifa da jera robobi, kuma sauran hutunta a kan ɗaukar yashi ya ƙare. Wannan bai dame ta ba, hannunta ya saba. Abin da ya fi nauyi shi ne Kawu. Ta je gaishe shi kafin ta koma aiki, aka ce yana barci, alhali tana jin tarinsa daga falo. Ta sake zuwa, ta durƙusa a bakin ƙofa ta yi gaisuwarta ga labule, ta tashi. A cikin dangi sunanta ya koma mara kunya, wadda ta tona asirin ɗan'uwanta saboda bare.

Ranar tafiyarta Inna ta rako ta bakin ƙofa.

"Zai huce," ta ce. "Yayana ne, na san shi. Amma zai daɗe."

"Zan ci gaba da zuwa gaishe shi."

"Kin yi da-na-sani?"

Auta ta gyara jakarta a kafaɗa. A can ƙarshen layi ana jin ƙarar injin yankan tayil daga gidan maƙwabta.

"A'a, Inna. Na rasa Kawu, ke kin sha ruwan sama a ɗakinki. Abin da maganar ta jawo mana ke nan, kuma na san da shi tun kafin in hau tsanin."